Wace irin kwamfuta ce ke iya ɗaukar ginin babbar manhaja?

Tambaya: Malam, ina da laftof mai Core i7 da RAM 8GB, na hannu na saye ta a Beirut Road nan Kano, Linux nake amfani da shi. Ƙananan ayyuka lafiya lau take yi. Amma tun da na shiga wani babban aikin C++ na buɗaɗɗen tushe, duk lokacin da na sa ta gini, wato mayar da kod ya zama shiri mai aiki, sai in je sallar azahar in dawo ba ta gama ba, wani lokaci ma ta tsaya a hanya ta rubuto mini "Killed". Na tara ɗan kuɗi. Sabuwar kwamfuta zan saya, ko kuwa kwamfailar ce ba ta da sauri? In saye ne, wace iri zan nema?

Amsa: Ƙanena, ajiye kuɗin nan tukuna. Matsala biyu ka kawo, kuma ba maganinsu ɗaya ba. Mutuwar ginin a tsakiyar hanya daban, jinkirinsa daban. Ta farkon za ka iya rabuwa da ita yau da dare ba tare da ka kashe ko sisi ba, don haka da ita zan fara.

Saƙon da kake gani, in GCC kake amfani da ita, shi ne `c++: fatal error: Killed signal terminated program cc1plus`. Wannan cc1plus ɗin ita ce ainihin kwamfailar C++ ta GCC, wato tafintar da ke mayar da kod ɗin da mutum ya rubuta zuwa harshen na'ura. Ba kuskure ta samu a aikinka ba, kashe ta aka yi. Idan RAM ya cika, wurin da aka ware a faifai don karɓar ambaliyarsa ma ya cika, Linux ba ya jiran shawarar kowa: sai ya duba shirin da ya fi kowa ci ya tsinke shi. Buga `sudo dmesg` bayan abin ya faru, za ka tarar da layin da ke cewa Out of memory. Abin da ke jawo haka shi ne ba kwamfaila ɗaya ke aiki ba. Ninja, shirin da ke jagorantar ginin, idan ba ka gaya masa adadi ba, yakan ɗauki yawan zaren firosesarka (ayyukan da take iya gudanarwa lokaci guda) ya ƙara biyu, wato a laftof mai zare huɗu zai tayar da kwamfaila shida lokaci guda. Fayil ɗaya na C++ mai tamfilet da yawa (kod ɗin da kwamfaila ke sake fitarwa ga kowane nau'in bayani) na iya cin gigabait guda, wasu har su kai biyu. Ga burauza buɗe da shafi ashirin, ga editan kod. Ina 8GB za ta je? Rufe burauzar, ka ce `ninja -j2` ko `make -j2`, ka kunna zram don Linux ya riƙa matse abin da ke cikin RAM maimakon ya jefa shi faifai. Zai ja lokaci, amma zai kai gaci.

Sai batun i7 ɗin nan da ka fara ambata da ɗan alfahari. Wannan tambarin ya ci kuɗin mutane da yawa a kasuwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da shi. Core i7-6600U da i7-7500U, waɗanda suka cika laftof na hannu, ƙwaya (core, wato injin lissafi guda a cikin firosesa) biyu kacal gare su, zare huɗu. Core i5-8250U, wadda sunanta ya fi ƙanƙanta, ƙwaya huɗu gare ta, zare takwas, domin daga zubi na takwas ne, a 2017, Intel ya ninka ƙwayoyin irin waɗannan firosesa. A wajen gini i5 ɗin nan za ta bar waccan i7 ɗin a baya nesa ba kusa ba. Buga `lscpu` ka ga gaskiyar abin da ke hannunka. Idan na yi hasashe daidai, biyu za ka gani.

To yanzu jinkirin. Kafin mu yi maganar ƙarfe, ka san abin da ke faruwa a lokacin da kake zaune kana kallon allo, don a nan ne yawancin mutane ke sayen maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba.

C++ ya gaji wata ɗabi'a daga C: kowane fayil na .cpp shi kaɗai ake fassarawa, kamar sauran ba su wanzu ba. Duk inda ka rubuta `#include`, ana ɗauko wancan fayil ɗin ɗungurungum a liƙa shi a wurin, shi ma da duk abin da ya kirawo, da abin da waɗancan suka kirawo. Gwada da kanka. Rubuta shiri mai layi biyar da ke kiran `<iostream>`, sannan ka ce `g++ -E gwaji.cpp | wc -l`. Za ka ga dubun-dubatar layuka. Wannan shi ne abin da kwamfaila ke karantawa a zahiri, ba layi biyar ɗinka ba. Idan aikin yana da fayil dubu biyu kuma kowannensu ya kira fayilolin kai (waɗanda ake ɗaukowa da `#include`) iri ɗaya, sau dubu biyu za a karanta su, kamar cin ƙwan makauniya. Rob Pike, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro harshen Go, ya ba da labarin wani awo da aka yi a Google a 2007: wata babbar manhaja mai fayil kusan dubu biyu, jimillar girmansu megabait 4.2, amma bayan an gama buɗe dukkan abin da suka kirawo, abin da ya isa bakin kwamfaila ya haura gigabait 8. Kowane bait ɗaya ya haifi kusan dubu biyu. Ginin yana cin minti 45, kuma a kan tarin na'urori ne, ba ɗaya ba. Ka ga ba laftof ɗinka ce farau ba.

Daɗin abin shi ne tunda fayilolin ba sa jiran juna, ana iya raba su ga ƙwayoyin firosesa. Ɗauki shagon tela ana saura kwana uku sallah. Wannan yana yanka, wancan yana aikin wuya, wani yana aljihu. Ka ƙara teloli, aiki ya ƙara gudu. Amma a ƙarshe dole rigar ta koma keke ɗaya a haɗa ta, kuma ko teloli arba'in ne a shagon, sauran sai dai su tsaya kallo. Mai haɗin nan a ginin manhaja ita ce linka. Ita ke tattara dubban guntayen da kwamfaila ta fitar ta ɗinke su su zama shiri guda, kuma tsohuwar linkar GNU da ke zuwa da yawancin Linux da zare ɗaya take wannan aikin. Gene Amdahl ya faɗi lissafin wannan tun 1967. A ce gini yana cin minti goma a ƙwaya ɗaya, tara na fassara, ɗaya na haɗi. Da ƙwaya huɗu zai koma minti uku da kwata. Da goma sha shida, minti ɗaya da rabi da ɗoriya. Ko ƙwaya dubu ka kawo ba zai sauka ƙasa da minti ɗaya ba.

Wannan ya kawo mu tambayar da ya kamata ka yi wa kanka kafin ka je kasuwa: wane irin gini ne ke cinye maka rana? Akwai gini daga tushe, inda ake fassara komai daga farko. Akwai kuma ginin gyara, inda ka taɓa fayil ɗaya ko biyu kana son ganin sakamako. Na farko yunwar ƙwayoyi gare shi. Takardun Android sun bayyana shi ƙarara: a na'ura mai ƙwaya 72 da RAM 64GB, ginin tsarin Android gaba ɗaya yana cin kusan minti 40, a mai ƙwaya 6 da RAM ɗin iri ɗaya, kusan awa shida. Lura da kyau, ƙwayoyi sun ninka sau goma sha biyu, sauri ya ninka sau tara, ragowar Amdahl ya karɓi kasonsa. Haka Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, da ya koma Threadripper 3970X ta AMD mai ƙwaya 32 a watan Mayun 2020, ya ce ginin gwajin da yake yi wa Linux ya ninka sauri sau uku. Amma shi aikinsa ke nan: karɓar gyare-gyaren mutane ya sake gina komai, sau da yawa a rana.

Kai ba haka ranarka take ba. Mai ba da gudummawa ga aiki yakan yi gini daga tushe sau ɗaya, ko duk lokacin da ya jawo sabbin canje-canje masu yawa, sannan ya yi ginin gyara sau talatin ko hamsin kafin dare. A ginin gyara fayil ɗaya ake fassarawa a kan ƙwaya ɗaya, sai linka ta sake ɗinke komai. Ƙwaya 64 ba za su tsinana maka komai a nan ba. Abin da ke aiki shi ne saurin ƙwaya guda, da irin linkar da kake amfani da ita, da faifai. Kuma wannan jiran ne ke kashe mutum. Ginin awa biyu za ka iya sa shi ka kwanta. Jiran minti uku bayan kowane ɗan gyara kuwa shi ke sa ka ɗauki waya, ka shiga WhatsApp, ka dawo ka manta abin da kake nema. Idan har kowane ƙaramin gyara yana sa ka jira tsawon sallar azahar, to akwai abin da ke sa a sake gina komai ba gaira ba dalili: ko dai kana share babban fayil ɗin ginin kowane lokaci, ko kana taɓa fayil ɗin kai da kowa ke kira. Wannan ba ciwon ƙarfe ba ne.

A ɓangaren ƙarfe, ni RAM nake sa wa gaba, kuma ba na jayayya a kai. Ƙarancin ƙwaya yana sa gini ya yi nawa daidai gwargwado. Ƙarancin RAM kuwa rami ne, ana faɗawa ne gaba ɗaya. Da zarar na'ura ta fara kai-komo tsakanin RAM da faifai, ko linzamin ma ba zai motsa ba. Ma'aunin da nake bi a C++ shi ne gigabait biyu ga kowane zare, sannan a bar wa tsarin da edita da burauza nasu. Mai zare takwas, 16GB ne mafi ƙaranci, 32GB ne kwanciyar hankali. Haɗi kuma yana da nasa cin. Takardun LLVM, aikin da ya samar da kwamfailar Clang, sun ba da misalin barin haɗi ɗaya ga kowane 15GB na RAM, har suka tanadi `LLVM_PARALLEL_LINK_JOBS` don a taƙaita yawan linkar da za ta tashi lokaci guda, domin ginin da ke ɗauke da bayanan bin diddigin kuskure yana kumbura ƙwarai. Masu Chromium, buɗaɗɗen tushen burauzar Chrome, sun ce 8GB ne ƙasa, amma suna ba da shawara mai ƙarfi a haura 16GB. Wani amfanin da mutane ba sa gani: RAM ɗin da ya yi saura ba zaman banza yake ba. Linux yana ajiye fayilolin da aka karanta a cikinsa, saboda haka fayilolin kan nan da ake ta maimaitawa daga RAM ake ɗauko su bayan karon farko.

Faifai ba ya buƙatar dogon bayani. In har mai juyawa ne a cikin laftof ɗinka, cire shi ka sa SSD. Gini dubban ƙananan fayiloli yake taɓawa, kuma a nan ne mai juyawa ya fi rauni. Amma daga SSD na SATA mai megabait 550 a daƙiƙa zuwa NVMe mai 3,500, kada ka sa ran ninki shida. A fassara firosesa ce ke wahala, ba faifai ba, bambancin kaɗan za ka ji. Girma ya fi muhimmanci. Chromium yana neman 100GB a sarari, Android yana neman 400GB. SSD mai 256GB zai shaƙe ka cikin wata biyu, nemi 512GB ko terabait ɗaya.

Akwai abin da masu gwajin kwamfuta a Turai ba sa sa wa a lissafi, mu kuwa da shi muke kwana: zafi. Firosesa idan ta kusa digiri 100 takan rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. Gini yana riƙe dukkan ƙwayoyi a cike na tsawon mintuna, ba kamar buɗe shafin intanet ba da ake yi a sauke. A watan Afrilu a Kano, ɗaki ba fanka, iskar da laftof ke shaƙa don ta huce ita kanta ta kusa digiri 40. Na taɓa zama da wata laftof da ke fara gini da ƙarfinta, bayan minti biyu sai ta koma tafiyar hawainiya. Na zargi kwamfaila, na zargi sabon Linux ɗin da na sa. Da na kwance bayanta sai na tarar da ƙurar hunturu ta yi tabarma tsakanin fanka da raga, har ana iya ɗago ta da ɗan yatsa a dunƙule, man da ke kan firosesa kuma ya bushe ya zama kamar alli. Buroshin haƙori da sabon mai suka gyara abin da na yi sati ina nema a cikin saiti. Sa `sensors` a wata taga ka riƙa kallo yayin gini. Ɗaga gindin laftof ɗin daga tebur, kada ka ɗora ta a katifa. Sannan ka sani yawancin laftof suna rage gudu da zarar an cire caja, don haka ginin da ka fara da wutar NEPA ka ƙarasa a batir ba gudu ɗaya suka yi ba. Harafin ƙarshen sunan firosesa ma yana da magana a nan: masu U an yi su ne don wat 15 da tsawon ran batir, masu H don wat 45 da aiki mai nauyi.

Yanzu ga inda na fi so ka sa ƙarfinka, domin kyauta ne kuma sau da yawa ya fi sabuwar na'ura tasiri. Canza linka. Bayan ta GNU an yi gold, wadda Ian Lance Taylor ya rubuta a Google ta fito a 2008, sai lld ta LLVM, sai mold ta Rui Ueyama da ta kai siga ta 1.0 a ƙarshen 2021, wadda aka gina tun daga tushe don ta yi amfani da dukkan ƙwayoyi. A awon da mai ita ya wallafa, haɗa Chrome da ke cin wa gold kusan minti guda, mold ta gama shi cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai, a na'ura mai ƙwayoyi da yawa. A taka ba za ka ga wannan ninkin ba, amma za ka ji bambanci a kowane ginin gyara. `-fuse-ld=lld` ko `-fuse-ld=mold` ne kawai, ta biyun tana son GCC 12.1 zuwa sama. Wato an samu keken haɗin da teloli da yawa za su iya hawa tare.

Sai ccache, wanda Andrew Tridgell ya fara a 2002. Yana tsayawa gaban kwamfaila ya duba ko an taɓa fassara wannan fayil ɗin da waɗannan zaɓuɓɓukan. In an taɓa, sai ya miƙo tsohon sakamako daga rumbunsa. Ranar da ka tsallaka wani reshen git ka dawo, ko ka share ginin ka sake, a ranar za ka san darajarsa. A CMake, shirin da ke tsara yadda za a yi ginin, `-DCMAKE_CXX_COMPILER_LAUNCHER=ccache` ya wadatar. Ka kuma ce wa CMake `-G Ninja`. Evan Martin ya rubuta Ninja ne yana aikin Chrome, saboda kafin make ya gama lissafin abin da ya canza a fayiloli dubbai ya riga ya ci daƙiƙoƙi masu yawa ba a fassara ko layi ɗaya ba.

Duba kuma irin ginin da ka zaɓa. Idan `-O2` ko `-O3` ne, kana biyan kwamfaila ladan goge kod ya yi gudu, alhali kai so kake ka ga ko gyaranka ya yi aiki. LTO kuwa, wanda ke ɗage babban aikin gogewa zuwa lokacin haɗi, na ranar fitar da manhaja ne, ba na aikin yau da kullum ba, kashe shi. `-gsplit-dwarf` yana ware bayanan bin diddigi a gefe don kada linka ta yi dakon su. Kuma kada ka gina aikin gaba ɗaya in ɓangare ɗaya kake taɓawa. Ba wa ninja sunan abin da kake so kawai. Ga masu Windows da ke karanta wannan: Defender yana leƙa kowane fayil da gini ya ƙirƙira, a cire masa babban fayil ɗin aikin daga bincike. Mai amfani da WSL2, wato Linux ɗin da ke gudana a cikin Windows, kuma kada ya ajiye kod a `/mnt/c`, ya mayar da shi cikin faifan Linux ɗin, domin tsallaka iyakar nan yana da tsada ainun.

Idan duk ka yi wannan kana son sanin ainihin inda lokaci ke zurarewa, sai an gwada akan san na ƙwarai. Clang tun siga ta 9 tana da `-ftime-trace`, wanda ke fitar da bayanin daƙiƙa nawa kowane fayil ɗin kai da kowane tamfilet ya ci. Sau da yawa za ka tarar fayil ɗaya ne mai kiba da wani ya kirawo a inda kowa ke bi. Gyaran irin wannan gudummawa ce ta gaske, masu aikin za su gode maka. A farkon 2022 Ingo Molnar ya gabatar wa masu Linux jerin gyare-gyare kusan 2,300 da babban burinsu warware sarƙaƙiyar fayilolin kai, ya ba da rahoton ƙarin saurin gini tsakanin kashi 50 zuwa 80 cikin ɗari. Ba a canza na'ura ba, ba a canza kwamfaila ba.

Ka tambaya ko kwamfailar ce ba ta da sauri. Tsakanin GCC da Clang, gwada duka biyun a aikinka. A ginin gwaji Clang takan ɗan fi sauri, amma ba bambancin da zai sauya maka rayuwa ba ne. Babban bambanci yana tsakanin harsuna, da abin da aka ɗora wa kwamfaila. Turbo Pascal ta Anders Hejlsberg a 1983 tana fassara shiri kafin ka ɗauke yatsa, a na'ura mai kilobait 64, domin sau ɗaya take bin kod ɗin ta wuce. Fabrice Bellard ya nuna a 2004 cewa ƙaramar kwamfailarsa TCC za ta iya fassara zuciyar tsarin Linux (kernel) ta tayar da ita cikin ƙasa da daƙiƙa 15 a Pentium 4, sai dai ba ta goge kod kamar GCC. Go an tsara shi ne da wannan ciwon a zuciya: kiran kunshin da ba ka yi amfani da shi ba kuskure ne da zai hana gini, kunshi biyu ba za su kira juna a zagaye ba, kuma kwamfaila ba ta sake karanta kod ɗin kakannin abin da ka kirawo. Rust ya bi wata hanyar, yana bincike mai zurfi yana kuma fitar da kwafin kod ga kowane nau'in da aka yi amfani da shi, shi ya sa masu shi ke rayuwa a kan `cargo check`, umarnin da ke duba kod ba tare da cikakken gini ba. A Maris 2025 Microsoft ya sanar da sake rubuta kwamfailar TypeScript da Go, kuma Hejlsberg ɗin nan dai shi ya yi sanarwar: duba kod ɗin VS Code mai layi miliyan ɗaya da rabi ya sauko daga daƙiƙa 77.8 zuwa 7.5. Amma kai C++ ka shiga, ba za ka sauya wa aikin mutane harshe ba.

To ina kuɗin zai tafi? Fara da kwance bayan laftof ɗinka, ko ka nemi bayaninta da lambar samfurinta. In tana da ramin RAM da ke karɓar ƙari, kai ta 16GB, ka sa SSD in babu. Wannan ƙaramin kaso ne na kuɗin sabuwa, kuma shi zai kashe "Killed" gaba ɗaya. In kuwa ƙwaya biyu ce kuma RAM ɗin a like yake da allo, kada ka zuba mata kuɗi, sayar da ita ka haɗa. A na hannu, ThinkPad T480 mai i5 ko i7 na zubi na takwas tana da ƙwaya huɗu da ramin RAM biyu, tana ɗaukar 32GB. In kuɗin ya kai, nemi mai ƙwaya takwas irin Ryzen 7 4800H ko Ryzen 7 PRO 4750U, nan ne za ka ga ginin tushe ya faɗo sosai. Kada ka biya kuɗin katin zane mai tsada. Kwamfaila ba ta taɓa shi, laftof ɗin wasanni kuma batirinta ba ya jure ɗaukewar wuta. MacBook masu M1 zuwa sama suna gini da sauri kuma ba sa rage gudu a batir, sai dai RAM ɗinsu ba ya ƙaruwa har abada, mai 8GB zai mayar da kai inda ka fito. Air kuma ba ta da fanka. Kwamfutar tebur ta fi kowacce ba da ƙwaya da RAM a kuɗi ɗaya, tana kuma shan iska da kyau, amma sai in kana da inbata ko sola da za su riƙe ta, in ba haka ba ana ɗauke wuta ginin awa guda ya tafi.

Akwai kuma hanyar da ba sai ka mallaki ƙarfen ba. In aikin irin su Chromium ko Android ne, ni ban ga hikimar jawo ɗaruruwan gigabait da datar waya ba. Hayar sabar mai ƙwaya 16 ko 32 na 'yan awoyi, ka shiga ta ssh, wato hanyar sarrafa na'ura daga nesa, kod ɗin ya sauka can da intanet ɗinsu, kai rubutu kawai ke zuwa maka. Sa aikin cikin tmux don kada yankewar netiwok ta kashe shi, kuma ka kashe sabar in ka gama, don da dala ake lissafi ko kana barci. Tunda aikinku buɗaɗɗe ne, in yana GitHub, Actions, tsarin da ke yin gini a sabobinsu, kyauta ne ga irinsa. Bar masa cikakken gini da gwaje-gwaje, laftof ɗinka ta tsaya ga ginin gyara.

Ranar da za ka koma Beirut Road, tafi da filasha mai Linux a aljihu. Ka tayar da na'urar daga ita a gaban mai shagon, ka buga `lscpu` da `free -h`, sannan ka sa dukkan ƙwayoyin aiki na minti goma kana kallon zafi da gudun firosesa. In gudun ya zube bayan minti biyu fanka tana kururuwa, ko dai ya rage maka kuɗin wanki da sabon mai, ko ya ɗauko wata. Kafin nan turo mini abin da `lscpu` ya nuna a wadda ke hannunka, da sunan aikin, da umarnin da kake bugawa in za ka yi gini.